Ƙwaron Gindin Ayaba: Yadda Ya Bazu da Yadda Aka Yaƙe Shi

Ƙwaron gindin ayaba baƙin ƙwaro ne mai taurin baya da dogon baki lanƙwasasshe, tsawonsa tsakanin milimita 10 da 15. Danginsu ɗaya da ɗan ƙwaron nan da ke huda masara da dawa a rumbu, sai dai wannan ya fi girma, kuma ba shi da abinci sai ayaba da agade da 'yar'uwarsu enset da ake nomawa a Habasha. Masana suna kiransa Cosmopolites sordidus. Bajamushe Ernst Friedrich Germar ne ya fara rubuta siffarsa a 1824, sannan a 1885 Bafaranshe Chevrolat ya sa shi a jinsin da yake ciki har yau. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, yankin Malesiya da Indonesiya, inda ita kanta ayabar ta fito. Yau da wuya a sami ƙasa mai zafi da ake noman ayaba wadda bai shiga ba, kuma a cikin ƙwarin da ke damun wannan shuka babu wanda ya kai shi ɓarna.

Ba a gane ɓarnar tasa sai an san ginin shukar. Karan da ido ke gani a tsaye kuben ganyaye ne da suka naɗe juna. Ainihin jikin ayaba yana cikin ƙasa, wani dunƙulen gindi mai kama da gwaza. Daga shi saiwoyi ke fita, daga shi 'ya'ya ke tsirowa, ta cikinsa kuma ruwa da abinci ke hawa zuwa nono. Nan ƙwaron yake aikinsa. Macen takan huda ɗan rami da bakinta a daidai inda gindi ya haɗu da kara, ta sa farin ƙwai guda ɗaya. Cikin mako guda ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito, fara, ba ƙafa, kanta ja-ja. Ita ce maɓarnaciyar. Takan yi makonni tana cin gindin tana haƙa hanyoyi, tana barin baƙin gari a bayanta, har ta ƙoshi ta kwanta ta rikiɗe. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako 5 zuwa 7 ne a ƙasa mai zafi. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 12 ƙwan ba ya girma, shi ya sa ƙwaron yake ƙaranci a tsaunukan da suka haura mita 1,600.

Shi babban ƙwaron ba ya cin abin a zo a gani. Da dare yake fita, da rana yana ɓoye a cikin kuben ganye ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen kara, in an taɓa shi ya sanƙame kamar ba rai. Yana da fukafukai amma da ƙyar yake tashi. Yakan yi makonni a gindi ɗaya, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke wuce tafiyar mita 25 cikin watanni. Ba shi da yawan haihuwa, domin a gona mace ba ta cika wuce ƙwai ɗaya ko biyu a mako ba. Tsawon rai ne jarinsa: shekara guda, biyu, wani lokaci fiye. In yana cikin danshi yakan yi watanni ba ci, in kuwa ya bushe, kwanaki kaɗan ya mutu.

Saboda haka ɓarnarsa a hankali take taruwa, kuma a ɓoye. Shekarar farko manomi ba ya ganin komai. Daga baya dashe ya riƙa mutuwa tun yana ƙarami, ganye ya yi rawaya, nono ya ƙanƙance, 'ya'ya su ragu, iska kaɗan ta karya shuka tun nononta bai ƙosa ba. A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. In shukar ta tuge gaba ɗaya har da gindinta, saiwoyin sun ruɓe sun yi baƙi, galibi aikin tsutsar saiwa ce wadda ido ba ya gani, irin su Radopholus similis da Nathan Cobb ya bayyana a 1893 daga ayabar Fiji. In kuwa gindin ne ya tsage, rabi ya saura a ƙasa, aka ga ramuka a ciki, to ƙwaro ne. Sau da yawa su biyun suna gona ɗaya, kuma an daɗe ana ɗora wa ɗaya laifin ɗaya. Akwai kuma wani ɗan'uwansa a Indiya da maƙwabtanta, Odoiporus longicollis, wanda shi kara yake ci.

Ƙwaron da ba ya tashi kuma ba ya nisa ba zai ƙetare teku da ƙafarsa ba. Mutane ne suka ɗauke shi. Ayabar ci ba ta da iri, ba a samun sabuwa sai an ciro ɗa daga gindin uwa an dasa, kuma duk ɗan da aka ciro daga gonar da ƙwaro ya kama yana iya zuwa da ƙwai ko tsutsa ba wanda ya sani. Ayaba ta daɗe tana yawo ta wannan hanya. A fadamar Kuk da ke tsaunukan Papuwa Niyu Gini an sami shaidar nomanta tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce, a Nkang ta kudancin Kamaru kuma an tono alamunta masu shekara kusan 2,500. Amma sai daga ƙarshen ƙarni na 19 rahotannin ɓarnar ƙwaron suka fara fitowa ta ko'ina, lokacin da jiragen ruwa masu tururi suka rage nisan duniya, lambunan gwaji na Turawan mulkin mallaka suka riƙa musayar tsirrai daga nahiya zuwa nahiya, aka kuma buɗe manyan gonakin ayabar fitarwa. Aka ji shi a Fiji, aka ji shi a Kwinsland ta Ostireliya, da tsibiran Karibiyan, da Birazil, da tsibiran gaɓar Afirka. A Afirka ta Gabas, inda aka yi ƙarnoni ana cin ayaba, ba a fara rubuta rahoto a kansa ba sai farkon ƙarni na 20. Bazuwar ba ta tsaya nan ba. Hawayi, duk da tsaron da ake yi a tashoshinta, a 1981 aka same shi a can.

Dabarar farko da hukumomi suka sa rai a kanta ita ce a nemo masa abokin gaba. A lokacin labarin Kalifoniya bai tsufa ba: a 1888 da 1889 an kawo wani ɗan ƙwaro daga Ostireliya ya cinye ƙwarin da suka kusa kashe gonakin lemo, cikin shekara biyu matsalar ta kau. Kowane jami'in gona na mulkin mallaka yana fatan irin wannan sa'a. A 1913 gwamnatin Fiji ta tura masanin ƙwarinta, F. P. Jepson, zuwa tsibirin Jawa, bisa hujjar cewa a mahaifar ƙwaro ake samun abin da ke cinsa. Ya komo da wani baƙin ƙwaro mafarauci, Plaesius javanus, wanda shi da tsutsarsa duk suna cin tsutsar ƙwaron ayaba. Mafaraucin ya zauna a Fiji, aka kuma yi ta rarraba shi: Kwinsland, Jamaika, Tirinidad, Yuganda a shekarun 1930, Tanganyika a shekarun 1940. A wasu wurare ya rayu, a wasu, har da Afirka ta Gabas, ya ɓace. Ko inda ya rayu ɗin bai yi abin da aka zata ba, domin a ruɓaɓɓen kara yake farauta, ita kuwa tsutsar da ke ɓarna tana can cikin gindi mai rai, ta toshe hanya a bayanta. Kusan shekara 90 bayan tafiyar Jepson masana suka je Sumatra, suka tattara dubban ƙwai da tsutsotsi suka rena, ba su sami wani ƙwaro da ya keɓanta da cinsa ba.

Manoma ba su zauna jiran Jawa ba. Tun farkon ƙarnin aka lura cewa ƙanshin sabon yankan ayaba yana jawo ƙwaron. A yanki kara kamar santimita 30, a tsaga shi biyu, a kife a gindin shuka, bayan kwana biyu ko uku a ɗaga a tsince ƙwarin a kashe. Wannan shi ne tarkon kara, kuma har yau ba a daina shi ba. A Kwinsland, a shekarun 1920, J. L. Froggatt ya bi rayuwar ƙwaron daki-daki, aka kuma riƙa barbaɗa wa tarkon garin guba mai arsanik da aka gauraya da fulawa. A Afirka ta Yamma Faransawa ne suka yi zurfin bincike, da yake Gini ce babbar gonar ayabarsu a lokacin, jirgin ƙasa yana kwasowa daga Kindiya zuwa tashar Konakiri. A 1950 Jean Cuillé na cibiyar binciken 'ya'yan itatuwa ta Faransa ya wallafa littafi sukutum a kan ƙwaron, yadda yake gudun haske yana bin danshi da ƙanshi. A 1973 abokin aikinsa Vilardebo ya fito da hanyar auna ɓarna: bayan an sare nono, a fere gefen gindin a duba yawan ramuka, a ba shi maki daga 0 zuwa 100. Kafin nan ƙidayar ƙwarin da tarko ya kama aka fi dogara da ita, ita kuwa tana hawa da sauka da ruwan sama da zafi, ba ta faɗin abin da ke cikin gindi. Daga baya masu bincike a Yuganda suka ƙara da yanka gindin a gicciye, domin ramin da ya kai tsakiya shi ya fi rage amfani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magungunan ƙwari na zamani suka shigo, aka ga kamar magana ta ƙare. Aka fara da BHC, dangin wanda aka sani a Najeriya da sunan gamalin, sannan aldirin da diyaldirin. Suna da arha, a barbaɗa a gindi sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma suna daɗewa a ƙasa, abin da a lokacin ake gani falala ce. Ba a je ko'ina ba ƙwaron ya saba da su. An tabbatar da haka a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya da Karibiyan, daga baya a Yuganda. Aka koma wasu masu kisa nan take, irin su karbofuran da ake sayarwa da sunan Furadan, waɗanda haɗarinsu ga mai barbaɗawa ya fi na farko. Maganin kuma ba ya zaɓe, har tururuwa da sauran ƙwarin da ke cin ƙwan maɓarnacin yana kashewa.

Inda wannan hanya ta fi muni shi ne tsibiran Gwadalup da Martinik, yankunan Faransa biyu a tekun Karibiyan. Ayaba ce babbar hajar da suke fitarwa. Manyan gonakin, musamman a Martinik, galibi suna hannun jikokin Turawan da suka mallaki bayi, leburorin kuwa jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Da BHC ya daina aiki, sai masu gonaki suka nemi wani maganin Amurka mai suna kulodekon, wanda kamfanin Allied Chemical ya ƙirƙiro yake sayarwa da sunan Kepone. A 1972 ma'aikatar gona ta Faransa ta ba da izinin amfani da shi. Leburori suna barbaɗa farin garin a gindin kowace shuka, da yawansu da hannu zalla, ba safa ba abin rufe hanci. A yajin aikin da suka yi a Martinik a watan Fabrairun 1974, wanda mutum biyu suka rasa ransu a ciki, neman kariya daga magungunan guba yana cikin buƙatunsu.

Gargaɗi dai an yi shi, ba sau ɗaya ba. A 1975 aka rufe masana'antar da ke yin maganin a garin Hopewell na jihar Bajiniya, bayan ma'aikatanta sun kamu da karkarwar jiki da rawar ido da raunin haihuwa. Aka hana kamun kifi a kogin James, Amurka ta daina yin maganin. A 1977 da 1980 rahotanni biyu na masu binciken aikin gona na ita Faransar suka nuna ya shiga ƙasa da koguna da namun Gwadalup. A 1979 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo cutar. Amma guguwar David ta 1979 da ta Allen ta 1980 suka kwantar da gonaki, ruɓaɓɓen kara ya cika ko'ina, ƙwaro ya yawaita, masu gonaki suka matsa wa gwamnati. A 1981 aka sake ba da izini da sabon suna, Curlone, ana haɗa sinadarin a Birazil. Faransa ta soke izinin a 1990, sai dai ta yi wa tsibiran rangwame har zuwa Satumban 1993. Kimanin tan 300 na sinadarin aka zuba a ƙasar tsibiran biyu cikin shekara 21.

Kulodekon ba ya gushewa da sauƙi. Yana manne wa ƙasa, ruwa yana ɗauraye shi kaɗan-kaɗan zuwa maɓuɓɓuga da kogi da gaɓar teku, kuma masana sun ƙiyasta cewa a ƙasar da ta samu daga tokar dutse mai aman wuta zai iya kai shekara 600. Ayabar da ake kai wa Turai bai cika hawa cikinta ba. Abincin talakan tsibiran ya kama: dankali, doya, gwaza, ƙwan kajin gida, kifin gaɓa, ƙaguwa. A 1999 aka gano shi a ruwan sha, a 2002 aka kama tan ɗaya da rabi na dankalin Martinik a tashar Dankak ta Faransa aka lalata. Aka hana kamun kifi a wasu sassan gaɓa, masunta suka rasa sana'a. Binciken da hukumomin lafiya suka yi a 2013 da 2014 ya same shi a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan tsibiran biyu. Wani binciken da Luc Multigner ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna alaƙa tsakanin yawansa a jini da kansar mafitsara ta maza, cutar da tsibiran suke sahun gaba a duniya wajen yawanta. A 2009 aka sa shi cikin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta. A 2018 Shugaba Emmanuel Macron ya faɗa a Martinik cewa dole gwamnati ta ɗauki nata kason alhakin, a 2021 aka amince da wannan kansa a matsayin cutar da aikin gona ke jawowa, amma a Janairun 2023 alƙalai a Paris suka rufe ƙarar da aka shigar tun 2006 ba tare da an gurfanar da kowa ba. Waɗanda suka sa hannu a takardun izini daga 1981 sun san abin da ya faru a Hopewell. Sun auna shi da kuɗin ayaba, suka ga ayabar ta fi nauyi, mutanen tsibiran ne kuma suke biyan farashin da jikinsu da ƙasarsu.

Labarin Yuganda daban ne, domin a can ayaba ita ce abincin yau da gobe. Matoke, ayabar tsaunukan Afirka ta Gabas da ake ferewa ɗanya a turara cikin ganyenta, ita ce cimar Baganda, kuma irinta yana cikin waɗanda ƙwaron ya fi so. Baganda suna kiransa kayovu. A da gonar matoke a kewayen tafkin Biktoriya takan yi shekara 30, 50, ko fiye, uba ya bar wa ɗa. Kula ce ke riƙe ta, kuma yawancin aikin mata ne suke yi. Ana rage 'ya'ya a bar uwa da 'ya da jika, ana cire busasshen kube, ana shimfiɗa ciyawa da ganye, in an sare nono a datse karan a faskare shi ya bushe, a rufe kututturen da ƙasa. Ko ba don ƙwaro aka yi ba, yawancin ayyukan nan suna rage masa wurin kwana da wurin ƙwai.

Daga shekarun 1970 hannun da ke wannan aiki ya yi ƙaranci. 'Yan ƙwadagon da ke zuwa daga Ruwanda da Burundi suka ragu. Mulkin Idi Amin daga 1971 zuwa 1979 ya rusa tattalin arziki da aikin malaman gona, yaƙin 1981 zuwa 1986 ya tarwatsa ƙauyukan Luwero, cutar ƙanjamau ta kwashe majiya ƙarfi a Rakai da Masaka, matasa suka nufi Kampala. Ƙasa ta gaji ba taki. Diyaldirin da aka saba dogara da shi ya daina kisa. A tsakiyar shekarun 1980 ƙwaron ya yi ɓarkewar da ta shafe gonaki ɗungurungum a Masaka da Rakai, a wurare da dama kuma gonar da aka sani da daɗewa ta koma ba ta wuce shekara 4 ko 5. Manoman tsakiyar ƙasar da yawa suka koma rogo da dankali, ko ayabar kayinja da ake giya da ita, wadda ƙwaron bai cika damunta ba. Noman matoke na kasuwa ya ƙaura kudu maso yamma, Mbarara da Bushenyi, inda ƙasa ta fi tudu da sanyi, har yau kuma daga can manyan motoci suke kawo wa Kampala abincinta. Yankin Kagera na Tanzaniya, ƙasar Bahaya, shi ma ya ga irin wannan koma-baya.

Wannan ne ya sa daga farkon shekarun 1990 cibiyar IITA mai hedkwata a Ibadan da hukumar binciken aikin gona ta Yuganda suka duƙufa a kan ƙwaron a tashar Kawanda, da masana irin su Clifford Gold. A wani gwaji da suka yi, asarar amfani ta tashi daga kashi 5 cikin 100 a girbin farko zuwa kashi 44 a na huɗu. Wannan adadi shi ke bayyana dalilin da manomi yake makara, domin kafin ya ga ɓarna a nono, gindin ya riga ya zama gidan ƙwari. Sun kuma nuna cewa kara da kututturen da aka bari bayan girbi matattara ce da ƙwaron ke haihuwa a ciki. A gundumar Ntungamo aka gwada tarkon kara, ɗaya a kowane gindi kowane wata, cikin shekara guda ƙwarin suka ragu da fiye da rabi a gonakin da masu binciken suka kula da kansu. Sai dai manoma kaɗan ne suka ɗore, domin aikin yana cin hannu yana cin kara, su kuwa hannun ne ba su da shi tun farko.

A Afirka ta Yamma agade ne abin damuwa. A kurmin kudancin Najeriya da Kamaru da Gana da Kwaddibuwa, inda motocin agade ke tasowa zuwa kasuwannin arewa, an daɗe da sanin cewa agaden bayan gida, mai samun toka da shara, yakan yi shekaru yana haihuwa, na gona kuwa bayan girbi biyu ko uku ya lalace. Ƙwaro da tsutsar saiwa da gajiyar ƙasa ne suka haɗu a kai. Tunda a cikin dashe annobar take tafiya, a kan dashe aka fi ba da ƙarfi. A ciro ɗa daga gona mai lafiya, a yanke saiwoyinsa duka, a fere gindin da wuƙa har ya yi fari tas, wanda aka ga rami ya yi zurfi a cikinsa a jefar. Firar kaɗai tana kawar da yawancin ƙwai, da yake a fatar gindi suke. Sannan a jiƙa shi minti 20 a ruwa mai zafin digiri 52 zuwa 55, dabarar da aka inganta a Ostireliya saboda tsutsar saiwa. Da aka ga manomin ƙauye ba shi da ma'aunin zafi, masu bincike na IITA suka gwada tsoma gindin dashen a tafasasshen ruwa na sakan 30 kacal, ya kuwa yi aiki. Ba a barin dashen da aka fere ya kwana a fili a cikin gona, domin ƙanshinsa zai kira ƙwaro ya sa sabon ƙwai a daren. A Njombe ta Kamaru kuma Moïse Kwa na cibiyar CARBAP ya fito da hanyar tsirar da dashe masu yawa daga gindi guda a cikin dusar katako mai tsabta, hanyar da ta fi dashen kwalba na ɗakin gwaji arha nesa ba kusa ba.

Abokan gaban da aka je nema Jawa, wasunsu ashe suna cikin gona. A Kyuba aka mayar da hankali ga tururuwa iri biyu masu shiga ramukan suna kwashe ƙwai da ƙananan tsutsotsi, manoma suna ɗaukar gidajensu suna kaiwa gonakin ayaba, aikin da ya ƙara ƙarfi bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da maganin ƙwari ya yanke wa ƙasar. A Kyuban da Birazil da Yuganda an yi aiki da wata farar fumfuna, Beauveria bassiana, mai kama ƙwaro ta kashe. A ɗakin gwaji tana kashe kusan duka, a gona kuwa yau ta yi gobe ba ta yi ba, saboda rana da bushewa suna kashe ta. A Kenya cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE ta gwada garin 'ya'yan darbejiya, bishiyar da ta cika titunan ƙasar Hausa, giram 60 zuwa 100 a kowane gindi duk wata huɗu. Ba kisa yake yi sosai ba, yana korar ƙwaron ne yana rage masa ƙwai. A wannan cibiya ne kuma aka tabbatar a 1993 cewa namijin ƙwaron yana fitar da wani ƙanshi da ke kiran maza da mata su taru. A 1995 masana sinadarai a Faransa suka gano sinadarin suka sa masa suna sordidin, ba da daɗewa ba wani kamfani a Kosta Rika ya fara sayar da shi da sunan Cosmolure. Ana rataya shi a kan mazubin ruwan sabulu da aka binne bakinsa daidai da ƙasa, ƙwaro ya zo ya faɗa. Da shi manyan gonakin Gwadalup da Martinik suka maye gurbin kulodekon, haɗe da hutar da gona da dasa dashen kwalba. A ƙananan gonakin Yuganda kuwa gwaji bai nuna raguwa mai yawa ba, ga tsada, ga ƙwarin maƙwabci suna shigowa.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin manomi ita ce irin da ƙwaron ba ya iya ci, kuma akwai su. Yangambi Km5 ta ƙasar Kwango da ayabar daji ta Calcutta 4 suna cikin waɗanda mace ke sa wa ƙwai amma tsutsar ba ta yin ƙwari a ciki. Matsalar ita ce agade da matoke da ƙyar suke yin iri, sai an yi ta barbara da hannu kafin a sami 'yan ƙwayoyi. Duk da haka tashar IITA ta Onne a jihar Ribas ta fitar da agaden PITA, cibiyar FHIA ta Honduras ta fitar da nata, Yuganda kuma ta saki matoken Kiwangaazi a 2010, sannan jerin NARITA suka biyo. Yawancinsu don cutar baƙin ganye aka fara neman su, juriyar ƙwaro ta zo tare a wasu. Karɓuwarsu a tukunya take yankewa, domin in launi ko laushi ya saɓa wa wanda aka saba, mai girki ba ta saye, manomi kuma ba ya dasawa.

A ƙasashe masu rani mai tsawo, irin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, bushewar iska da ƙasa ba ta yi wa ƙwaron daɗi. Sai dai ayabar da ake nomawa a can a fadama da lambu take, inda ban-ruwa da inuwa da tarin ganye ke samar da danshin da yake so, don haka dashen da aka kawo daga kurmi ba a fere ba yana iya kafa shi. Inda ya riga ya kama gona har ta lalace, ba a sake dasawa a kan tsohon gindi. Ana tone kututturan duka a faskare su a rana, a shuka wani abu daban a wurin na aƙalla wata shida zuwa shekara guda, tsawon da zai wuce abin da babban ƙwaro ke iya jurewa ba abinci, sannan a kawo dashe mai tsabta.